Tunawa da Mantuwa: Yadda Ƙwaƙwalwa Take Adana Ilimi

1.0 Gabatarwa

Babu ɗalibin da bai taɓa shiga ɗakin jarrabawa ba ya tarar da tambayar da ya karanta amsarta a daren jiya, amma ya nemi amsar sama ko ƙasa ya rasa. Haka kuma babu magidancin da bai taɓa haɗuwa da wani tsohon abokinsa ba, ya shaida fuskarsa sarai, amma sunan ya kwanta masa. Idan irin wannan ta yawaita, sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ja, wani ma har ya haƙura da karatun gaba ɗaya. Malamai su ma sukan yanke wa yara irin wannan hukunci, su kira su daƙiƙai, alhali kuwa sau da yawa laifin ba na ƙwaƙwalwar yaron ba ne, na hanyar da aka bi wajen koyar da shi ne.

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ƙwaƙwalwa take karɓar abu ta adana shi, da yadda mantuwa take aukuwa, da kuma hanyoyin da bincike ya tabbatar suna rage ta. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa mantuwa tana da tsarin da take bi, kuma wanda ya san tsarin zai iya taimakon kansa, ya kuma taimaki yaran da za a damƙa masa amanarsu a aji.

2.0 Ma'anar Tunawa da Mantuwa

Harshen Hausa yana da kalmomi da dama da suke bayyana wannan al'amari. Akwai tunawa da kiyayewa da haddacewa a ɓangare guda, sannan akwai mantawa da sha'afa a ɗaya ɓangaren. Bahaushe yakan ce abu ya faɗo masa a rai, ko ya ce abu ya shige masa. Idan aka lura da waɗannan maganganu za a ga cewa Bahaushe bai ɗauki abin da aka manta a matsayin abin da ya hallaka ba. Abin da ya shige ko ya kwanta yana nan, hanyar kaiwa gare shi ce ta toshe. Wannan fahimta ta yi kusa ƙwarai da ta masana ilimin halayyar ɗan Adam.

A wurin waɗannan masana, tunawa aiki ne mai hawa uku. Na farko shi ne shigarwa, wato karɓar abin da aka gani ko aka ji da mayar da shi yadda ƙwaƙwalwa za ta iya riƙewa. Na biyu shi ne adanawa. Na uku kuma shi ne fitarwa, wato dawo da abin a lokacin da ake bukatarsa. Mantuwa tana iya faruwa a kowane ɗaya daga cikin ukun. Wani abin tun farko bai shiga ba, wani ya shiga amma bai zauna ba, wani kuma ya zauna amma an kasa fito da shi.

3.0 Rumbunan Ajiya Uku

A shekarar 1968 wasu masana biyu a Amurka, Richard Atkinson da Richard Shiffrin, suka gabatar da ra'in da ya kasa ajiyar ƙwaƙwalwa gida uku. An yi wa ra'in gyare-gyare daga baya, amma har yanzu da shi ake fara bayani saboda sauƙinsa.

3.1 Ajiyar Gaɓoɓin Ji da Gani

Duk abin da ido ya gani ko kunne ya ji yakan ɗan tsaya na wani ɗan lokaci kafin ya ɓace. Abin da aka gani ba ya kai sakan guda, abin da aka ji kuwa yakan kai sakan 3 zuwa 4. Wannan ne ya sa a wani lokaci akan yi wa mutum magana hankalinsa yana wani wuri, ya ce "Na'am?", amma kafin a maimaita masa sai ya gane abin da aka faɗa. Sautin ne yake nan bai gama gushewa ba. Daga cikin ɗimbin abubuwan da suke shigowa, wanda aka mayar da hankali a kansa ne kawai yake wucewa zuwa rumbu na biyu. Ke nan mayar da hankali shi ne ƙofar koyo. Ɗalibin da yake zaune a aji yana latsa waya bai manta darasi ba, darasin ne bai taɓa shiga ba.

3.2 Ajiyar Gajeren Lokaci

Wannan ita ce ajiyar da mutum yake amfani da ita yayin da yake lissafi a ka, ko yake riƙe da farkon jimla har mai magana ya kai ƙarshenta. Tana da iyaka ta fuska biyu. Ta fuskar lokaci, a shekarar 1959 Lloyd Peterson da Margaret Peterson sun ba mutane haruffa uku su riƙe, sannan suka shagaltar da su da ƙirgen baya don kada su maimaita haruffan a zuci. Bayan sakan 18 kacal, mafi yawan haruffan sun ɓace. Ta fuskar yawa kuma, George Miller ya bayyana a shekarar 1956 cewa mutum yakan riƙe abubuwa kimanin bakwai a lokaci guda, da ƙari ko ragin biyu. A shekarar 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjojin, ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu.

Hanyar da ake bi a faɗaɗa wannan ƙaramin rumbu ita ce ƙulla abubuwa dami-dami. Lambar wayar hannu a Nijeriya tana da alƙaluma 11, wanda ya fi ƙarfin wannan ajiya idan aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai faɗar lamba yakan gutsuttsura ta kashi uku ko huɗu, yana ɗan tsayawa a tsakani. Haka kuma haruffan K, T, S, N, A, A, I guda bakwai ne masu nauyin riƙewa, amma da zarar an jera su suka ba da Katsina, sun zama abu guda.

3.3 Ajiyar Dogon Lokaci

A nan ne ake adana harshen da mutum yake magana da shi, da sunayen danginsa, da hanyar gidansu, da duk ilimin da ya tara. Wannan rumbu ba ya cika, kuma abin da ya zauna a cikinsa da kyau yakan daɗe. A shekarar 1984 Harry Bahrick ya gwada mutum 733 da suka koyi harshen Sifaniyanci a makaranta, wasunsu shekara 50 da suka wuce. Ya tarar cewa an yi asarar wani kaso a shekarun farko bayan barin makaranta, amma abin da ya tsira ya tsaya kusan yadda yake har tsawon shekaru masu yawa. Waɗanda suka fi zurfafa karatun tun asali su ne suka fi riƙewa.

Ajiyar dogon lokaci ita ma iri-iri ce. Akwai ta abubuwan da suka faru da mutum, kamar ranar da ya fara shiga makaranta. Akwai ta sani, kamar sanin cewa Yamai ce hedikwatar Jamhuriyar Nijar. Sannan akwai ta iyawa, kamar tuƙa keke ko saƙar tabarma, wadda hannu yake aiwatarwa ko da baki ba zai iya bayyana ta ba.

4.0 Mazaunin Tunawa a Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, wato kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana sadarwa da wasu masu yawa ta wurin mahaɗai. A shekarar 1949 Donald Hebb na ƙasar Kanada ya kawo ra'ayin cewa idan ƙwayoyi biyu suka yawaita aiki tare, mahaɗar da take tsakaninsu takan ƙara ƙarfi, kuma wannan shi ne tushen koyo. Eric Kandel ya nuna hakan a aikace ta hanyar nazarin jijiyoyin wata dodon koɗi ta teku, aikin da ya sa ya kasance cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000. Misalin abin kamar turba ce a cikin gona: idan ana bin ta kullum sai ta fito fili, idan aka daina bi sai ciyawa ta rufe ta.

Abin da ya fi buɗe idon masana game da mazaunin tunawa shi ne labarin wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison. Wannan mutum yana fama da farfaɗiya mai tsanani, don haka a shekarar 1953, yana ɗan shekara 27, likita William Scoville ya yi masa tiyata ya cire wasu sassa daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Cikin abin da aka cire har da mafi yawan wani ɗan sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta ragu, amma sai wata matsala ta ɓullo. Molaison yana magana daidai, yana tuna ƙuruciyarsa, yana iya riƙe lamba na ɗan lokaci idan ba a katse masa hankali ba, amma ya kasa adana sabon abu. Likitan da ya gaisa da shi da safe, idan ya dawo da rana sai ya zama baƙo.

Wata masaniya mai suna Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta cikin madubi kawai, aikin da yake da wuya ga kowa a karon farko. A cikin kwana uku hannunsa ya ƙware, amma kowace rana sai ya ce bai taɓa yin aikin ba. Daga nan aka fahimci abubuwa biyu: hifokamfas shi ne mashigar da sabon sani yake bi kafin ya zauna a ajiyar dogon lokaci, kuma ajiyar iyawa tana da tata hanyar daban. Molaison ya rasu a shekarar 2008, bayan an shafe fiye da shekara 50 ana nazarinsa.

5.0 Tsarin Mantuwa

Mutum na farko da ya auna mantuwa da alƙaluma shi ne wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus, wanda ya rayu daga 1850 zuwa 1909. Ya ƙirƙiri gaɓoɓin kalma kimanin 2,300 masu tsarin baƙi da wasali da baƙi, ya jera su jeri-jeri ba tare da wata ma'ana ba, ya riƙa haddace su da kansa. Bayan wani lokaci sai ya sake koyon jerin, ya auna yawan wahalar da haddar farko ta rage masa. Ya buga sakamakon a shekarar 1885.

Abin da ya samu shi ne, bayan minti 20 abin da ya rage na amfanin haddar farko kashi 58 ne cikin 100. Bayan awa guda ya koma kashi 44, bayan kwana guda kashi 34, bayan kwana shida kashi 25, bayan kwana 31 kuma kashi 21. A shekarar 2015 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Jaap Murre da Joeri Dros, sun maimaita gwajin, suka sami sakamako mai kama da nasa.

Waɗannan alƙaluma na gaɓoɓi ne marasa ma'ana, saboda haka abu mai ma'ana ba ya zubewa da sauri haka. Sai dai tsarin iri ɗaya ne: mantuwa tana yin mafi yawan ɓarnarta a sa'o'in farko, daga baya ta lafa. Darasin da aka koya da safe, idan ba a waiwaye shi ba, a ranar ne yake yin babbar asara, ba a ƙarshen zangon karatu ba.

5.1 Dalilan Mantuwa

Dalili na farko shi ne rashin shiga da kyau, kamar yadda aka ambata. Na biyu shi ne dusashewa saboda rashin amfani. Na uku shi ne cuɗanya, inda wani sani yake tare wa wani hanya. Tsohon sani yakan hana sabo zama, kamar wanda ya sauya lambar waya amma bakinsa yana ta faɗar tsohuwar. Sabon sani shi ma yakan rikita tsoho, kamar ɗalibin da ya karanta rabe-raben kalmomin Larabci jim kaɗan bayan na Hausa, ya zo ya gauraya su. Gwargwadon kamannin abubuwa biyu, gwargwadon yadda suke cuɗanya.

Dalili na huɗu shi ne rashin matashiya. Wannan shi ne halin da mutum yake cewa suna yana bakinsa amma ya ƙi fitowa. A shekarar 1966 Roger Brown da David McNeill sun nuna cewa mai irin wannan hali sau da yawa yakan iya faɗar harafin farko na kalmar da yawan gaɓoɓinta, abin da yake tabbatar da cewa kalmar tana nan a ajiye. Na biyar kuma shi ne tsoro da firgici, waɗanda suke mamaye ajiyar gajeren lokaci har ta rasa wurin aiki. Shi ya sa amsa takan faɗo wa ɗalibi bayan ya fito daga ɗakin jarrabawa hankalinsa ya kwanta.

Wajibi ne a bambanta wannan mantuwa ta yau da kullum da wadda take alamar ciwo. Manta inda aka ajiye makulli abu ne da yake faruwa da kowa. Amma idan dattijo ya fara ɓata a hanyar gidansa, ko yana maimaita tambaya guda sau da yawa cikin ɗan lokaci, ko ya kasa shaida 'ya'yansa, to wannan yana iya zama ciwon mantuwa, wanda mafi yawan nau'insa shi ne wanda likita Alois Alzheimer ya bayyana a Jamus a shekarar 1906. Irin wannan mutum asibiti ya kamata a kai shi, kuma haƙuri yake bukata daga iyalinsa, ba faɗa ba.

6.0 Tunawa Ba Ɗaukar Hoto Ba Ce

Mutane da yawa suna zaton ƙwaƙwalwa tana ɗaukar abu ne kamar yadda na'ura take naɗar murya, ta mayar da shi yadda yake. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A shekarar 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi, inda ya ba Turawan Ingila wani labari na 'yan asalin Amurka ta Arewa, ya sa suka riƙa sake ba da shi bayan lokuta daban-daban. Labarin ya riƙa gajarcewa, abubuwan da suka saɓa wa al'adar masu ba da shi suka riƙa zubewa ko suna rikiɗa zuwa abin da suka saba da shi. Mai nazarin adabin baka ba zai yi mamakin wannan ba, domin tatsuniya guda takan fito da siga daban-daban daga gari zuwa gari, kuma kowace mai ba da ita tana ganin tata ce ta asali.

A shekarar 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin suke yi, amma suka sauya aikatau guda a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar ragargajewa sun ƙiyasta gudun fiye da mil 40 a awa, waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar taɓawa kuwa sun ƙiyasta ƙasa da mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi wasu ɗaliban ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargajewa, 16 sun ce sun gani. Cikin 50 da aka yi wa da kalmar bugawa, 7 ne suka ce haka. Alhali babu fasasshen gilashi a fim ɗin.

Wannan yana nuna ƙarfin kalma a kan tunawa. Yana kuma nuna cewa mutum yana iya ba da shaidar da ba daidai ba, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Malamin da yake binciken rigima tsakanin yara ya kamata ya ce, "Me ya faru?" maimakon, "Wane ne ya fara dukan wane?", domin tambaya ta biyu ta riga ta saka wa yaro amsa a baki.

7.0 Hanyoyin Ƙarfafa Tunawa

7.1 Rarraba Bita

Ebbinghaus ya lura cewa maimaita wani jeri sau 38 a rarrabe cikin kwana uku ya ba shi amfanin da maimaitawa sau 68 a rana guda ta ba shi. Gwaje-gwaje masu yawa bayansa sun tabbatar da wannan. Awa shida da aka raba cikin kwana shida ta fi awa shida da aka yi a dare guda. Karatun daren jarrabawa yana iya fitar da ɗalibi washegari, amma bayan 'yan makonni sai a nemi ilimin a rasa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin da ya dace shi ne a waiwayi darasi a ranar da aka koye shi, a sake bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata, ana ƙara tazara a hankali.

7.2 Gwada Kai

A shekarar 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu su koya. Rukuni na farko ya yi zama huɗu yana maimaita karantawa. Rukuni na biyu ya yi zaman karatu guda, sannan ya yi zama uku yana rubuta abin da ya tuna ba tare da duba takarda ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu sun tuna kashi 83 cikin 100, masu gwada kai kuma kashi 71. Amma bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu suka faɗo zuwa kashi 40, masu gwada kai suka tsaya a kashi 61.

Maimaita karatu yana yaudarar mai shi, domin idan ido ya saba da shafi sai mutum ya ɗauka ya iya. Sanin gaskiyar abin da aka iya ba ya samuwa sai an rufe littafi. Wahalar da ake sha wajen lalubo amsa ita ce take ƙarfafa turbar da take kaiwa gare ta.

7.3 Neman Ma'ana

Abin da aka fahimta ya fi zama a kan abin da aka haɗiye ba a tauna ba. Sabon sani yana bukatar tsohon da zai rataya a jikinsa. Ɗalibin da ya haddace ma'anar tsawon wasali kawai zai iya mantawa, amma wanda ya furta kalmar "gari" da gajeren wasali da kuma dogon wasali, ya ji yadda take nufin birni a wani furucin, take nufin niƙaƙƙen hatsi a wani, ya sami abin da zai tuna masa. Hanya mafi sauƙi ta auna fahimta ita ce mutum ya bayyana darasi da kalmominsa, ya kawo misalin kansa, ko ya koyar da abokinsa.

7.4 Isasshen Barci

A shekarar 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach sun sa ɗalibai biyu haddar jerin gaɓoɓi goma-goma. Idan suka yi barci na awa takwas bayan haddar, sukan tuna fiye da rabi. Idan kuwa suka yi awa takwas ɗin a farke suna harkokinsu, da ƙyar suke tuna guda. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a lokacin barci hifokamfas yakan sake kunna abin da aka koya da rana, yana ƙarfafa zamansa. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Wanda ya kwana yana shan shayi da goro don ya cinye littafi, ya hana ƙwaƙwalwarsa lokacin da take kimtsa abin da ya karanta.

8.0 Misali Daga Makarantun Allo

Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, domin tsarin haddar Alƙur'ani a makarantun allo da tsangayu ya daɗe yana aiki da su. Almajiri ba ya ɗaukar izu sittin a lokaci guda. Ana rubuta masa ɗan abin da zai iya a allo, malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa. Ba ya wanke allon sai ya karanta an saurara an tabbatar ya iya. Tilawa da tishe kuma su ne rarraba bita, domin ana komawa karatun baya a kai a kai yayin da ake ƙara sabo. Gardin da yake yin satu, wato rubuta karatu a allo da ka, ya kai darasu a gyara masa, gwada kai yake yi tare da karɓar gyara nan take. Duk mahaddaci ya san cewa riƙe hadda ya fi yin ta wuya, kuma wanda ya bar tilawa haddarsa takan zube.

Bambancin da ya kamata a kiyaye shi ne, manufar hadda ita ce riƙe lafazi yadda yake ba ƙari ba ragi. A darussa irin su nahawu da lissafi da kimiyya kuwa, ana bukatar ɗalibi ya yi aiki da ƙa'ida a kan misalin da bai taɓa gani ba. Saboda haka abin da malamin zamani zai ara shi ne ɗaukar abu kaɗan-kaɗan, da yawan waiwaye, da fitarwa da ka, sannan ya haɗa su da fahimta.

9.0 Amfanin Wannan Ilimi ga Malami

Malamin da ya san ƙanƙantar ajiyar gajeren lokaci ba zai jibga wa yara ƙa'idoji goma a darasi guda ba. Zai fara kowane darasi da 'yan tambayoyi a kan na jiya da na makon jiya, littattafai a rufe, ba don ba da maki ko hukunci ba. Zai raba abubuwa masu kama da juna har na farko ya zauna kafin ya kawo na biyu, sannan ya jera su ya nuna bambancinsu. Zai ɗauko misalai daga gida da kasuwa da gona, wato abin da yaro ya riga ya sani. Zai kuma guji tsoratarwa, tunda yaron da yake kallon bulala hankalinsa yana kan bulalar, ba a kan allo ba. Idan yaro ya manta, kafin a kira shi daƙiƙi sai a bincika: abin ya shiga tun farko? An waiwaye shi? Yaron ya ci abinci, ya yi barci? Yana ji, yana gani da kyau?

10.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa tunawa ta ƙunshi shigarwa da adanawa da fitarwa, kuma sani yana ratsa rumbuna uku kafin ya zauna. An ga cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma abin da ake tunawa yana iya sauyawa ba tare da mai shi ya sani ba. An kuma kawo hanyoyi huɗu na ƙarfafa tunawa, wato rarraba bita da gwada kai da neman ma'ana da isasshen barci. Babu ɗaya daga cikinsu da take bukatar kuɗi ko wata na'ura. Mutane sun bambanta wajen saurin ɗauka, amma kowa yana mantuwa, kuma kowa yana iya rage ta idan ya gyara hanyar karatunsa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo matakai uku na tunawa, tare da bayyana yadda mantuwa take iya aukuwa a kowanne.
2. Wane darasi masana suka koya daga labarin Henry Molaison?
3. Me sakamakon gwajin Ebbinghaus yake nunawa game da lokacin da ya fi dacewa a fara bita?
4. Yi bayanin yadda zaɓen kalma a cikin tambaya yake iya sauya abin da mutum yake tunawa.
5. Kwatanta hanyoyin hadda na makarantun allo da hanyoyi huɗu da aka kawo a wannan darasi.
6. Tsara jadawalin bita na wata guda ga 'yan aji huɗu na firamare a kan darasin jinsin suna a Hausa.